Littafin Aiki: Shirya Darasi kan Sudohalaid da Sudohalojin

6 ga Oktoba, 2025

Yau na buɗe wannan littafi domin in riƙa rubuta yadda aikin shirya darasi kan ayon-ayon ɗin sudohalaid yake tafiya, daga karatun farko har zuwa ranar da ɗalibai za su tsaya gaban teburin gwaji. Abin da ya tura ni ga aikin shi ne yadda na daɗe ina ganin ɗalibai suna haddace jerin sunaye, wato sayanaid, CN⁻, da sayanet, OCN⁻, da tayosayanet, SCN⁻, da azaid, N₃⁻, amma idan aka tambaye su dalilin da ya sa aka jingina waɗannan ayon ga dangin kulorin da buromin da aidin, wato halojin, sai ɗakin ya yi tsit. Burina shi ne babi guda a rubuce, tare da ƴan gwaje-gwajen da ɗalibi zai ga kamannin da idonsa, ya kuma ga inda kamannin ya tsaya.

Kalmar sudohalojin ta fito ne daga masana biyu na ƙasar Jamus, Lothar Birckenbach da Karl Kellermann, a shekarar 1925, kuma gaɓar farko ta kalmar tana nufin ƙarya ne a harshen Girka. Na ɗan yi tunanin kiran su halojin na jabu, sai na fasa, domin kalmar jabu tana ɗauke da ma'anar yaudara da rashin daraja, alhali waɗannan ayon ba su gaza kowa ba a wajen aiki. Abin da ake nufi da sudohalaid kawai shi ne rukunin atom biyu ko fiye, mai caji guda na ragi, wanda halinsa ya yi kama da na kuloraid ko buromaid ko ayodaid, wato ayon ɗin halojin da ake kira halaid, ta fuskoki da dama: yana haɗuwa da haidirojin ya ba da asid, gishirinsa na azurfa ba ya narkewa a ruwa, yana kama ƙarafa ya kewaye su, kuma a wasu lokuta biyu daga cikinsa suna zubar da cajinsu su manne da juna kamar yadda Cl₂ take, kuma wannan manne shi ne sudohalojin.

9 ga Oktoba, 2025

Na yanke shawarar da za ta tsara dukkan sauran aikin. Tayosayanet kaɗai zai hau teburin ɗalibai, sayanaid da azaid kuwa za su tsaya a kan takarda da allo. Sayanaid yana toshe sinadarin numfashi na cikin ƙwayoyin jiki, wato saitokurom oksides, kuma da zarar asid ya taɓa gishirinsa sai iskar HCN ta tashi, wadda ruwanta ke tafasa a kusan digiri 26 na ma'aunin Salshiyos. Azaid shi ma guba ne, ga shi kuma idan aka zubar da ruwansa a bututun da ke da dalma ko jan ƙarfe, yakan haifar da gishirin da ɗan bugu kaɗan ke tayar da shi. Ban ga wani darasi da ya kai a ɗora wa ɗalibi wannan haɗari ba, tunda tayosayanet yana iya nuna kusan duk abin da nake son a gani.

15 ga Oktoba, 2025

Gwajin farko ya tafi yadda nake fata. Na jera kwalaben gwaji huɗu, kowace da ruwan gishirin fotasiyom mai ƙarfin mol 0.1 a lita: kuloraid, buromaid, ayodaid, sannan tayosayanet a ƙarshe. Da na ɗiga naitiret na azurfa, ta farko ta ba da farar laka mai curewa, ta biyu fara mai ɗan jirwayen rawaya, ta uku rawaya sosai, ta huɗu kuwa fara fat, har na ɗaga ta kusa da ta farko a gaban baƙin kwali na daɗe ina dubawa ban iya bambanta su ba. Wannan shi ne abin da nake so ɗalibi ya fara cin karo da shi kafin a gaya masa komai, domin ayon mai atom uku ya yi abin da ayon mai atom ɗaya ya yi, ba tare da wata alama a ido ba.

Alƙaluman narkewa sun bayyana matsayin kowanne, domin gwargwadon ƙanƙantar adadin, gwargwadon ƙin narkewar gishirin. Ma'aunin narkewar AgCl yana kusa da 1.8 × 10⁻¹⁰, na AgSCN kusa da 1 × 10⁻¹², na AgBr kusa da 5 × 10⁻¹³, na AgI kuma ya gangara zuwa wajen 10⁻¹⁶. Ke nan tayosayanet ya zauna tsakanin kuloraid da buromaid, ya fi karkata ga buromaid, kuma gwajin amoniya ya tabbatar da haka, domin lakar kuloraid ta narke nan take a cikin amoniya mai ruwa-ruwa, ta tayosayanet ta buƙaci mai kauri, ta ayodaid kuwa ko gezau. Na rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe a takardar ɗalibai cewa ba a ajiye ruwan azurfa da amoniya ko da na kwana ɗaya, sai an kashe shi da asid mai ruwa-ruwa a take, saboda idan ya daɗe yakan haifar da baƙar laka mai fashewa.

22 ga Oktoba, 2025

Mako guda na yi a kan sashen tarihi, kuma ya ja ni nesa fiye da yadda na zata, domin tarihin waɗannan ayon ya cuɗanya da tushen ilimin sinadarai kansa. Komai ya faro daga wani shuɗin launi da aka gano a Barlin a farkon ƙarni na 18, wanda a yau muka san haɗi ne na baƙin ƙarfe da sayanaid. Daga wannan launi Carl Wilhelm Scheele ya fitar da asid ɗin HCN a 1782, sannan a 1815 Joseph Louis Gay-Lussac a Faransa ya ware iskar sayanojin, (CN)₂, ya kuma raɗa mata suna daga kalmar Girka mai nufin shuɗi. Abin da ya sa aikin Gay-Lussac ya yi nauyi shi ne ya nuna cewa rukunin kabon da naitirojin yana ratsawa daga haɗi zuwa haɗi ba tare da ya wargaje ba, tamkar sinadari guda, shekaru 110 kafin a ƙirƙiro kalmar sudohalojin.

Labari na biyu da ba zan bari ba shi ne na Justus Liebig da Friedrich Wöhler a shekarun 1820. Liebig ya auna fulminet na azurfa, Wöhler ya auna sayanet na azurfa, sai awon ya nuna atom iri ɗaya ne kuma adadi ɗaya, alhali na farkon yana fashewa da ƙarfi, na biyun kuwa yana zaune lafiya. Bambancin yana cikin jeri ne: a sayanet kabon yana tsakiya, a fulminet naitirojin ne a tsakiya. Irin wannan lamari ne ya kai masanin ƙasar Suwidin Berzelius ga fito da ra'ayin aisoma, wato haɗe-haɗe masu atom iri ɗaya amma jeri daban, a wajen 1830, kuma daga sayanet na amoniyom ne Wöhler ya samu yuriya a 1828. Asid ɗin azaid, HN₃, ya zo daga baya, a hannun Theodor Curtius a 1890. Zan taƙaita duk wannan a shafi ɗaya da rabi, ko da yake raina yana son ya fi haka.

29 ga Oktoba, 2025

Yau na yi kuskure, kuma kuskuren ya zama mafi amfanin abin da ya faru tun farkon aikin. Ina gwada hanyar Jacob Volhard ta 1874 wajen auna kuloraid, inda ake zuba azurfa fiye da buƙata, sannan a auna rarar azurfar da tayosayanet daga buret, wato bututun gilashi mai ma'auni da ake ɗiga ruwa da shi, ana amfani da ayon ɗin Fe³⁺ a matsayin mai nuna ƙarshen awo. Muddin akwai azurfa a ruwan, kowane ɗigon tayosayanet yana komawa farar laka, amma ɗigon farko da ya rasa azurfa sai ya kama ƙarfen ya ba da launin ja. Na ga jan ya bayyana, na ɗauki biro zan rubuta adadin, kafin in ɗago kai ya dusashe. Na ƙara ɗigo, ya dawo, na juya kwalbar, ya sake ɓacewa, haka har sau da dama, kuma da na yi lissafi sai kuloraid ɗin ya fito ƙasa da abin da na san na zuba.

Dalilin yana cikin alƙaluman da na rubuta da hannuna makonni biyu da suka wuce. Ban tace lakar AgCl ba kafin in fara awon, kuma tunda AgSCN ya fi ta ƙin narkewa da kusan ninki 180, tayosayanet ya riƙa ƙwace azurfa daga jikin lakar yana sakin kuloraid cikin ruwa, don haka na kashe tayosayanet fiye da ƙima, rarar azurfa ta yi kamar ta fi yawa, kuloraid kuma ya yi kamar ya yi ƙaranci. Da na sake awon bayan na tace lakar, jan ya fito ya tsaya cak. Tsofaffin littattafai suna cewa a zuba naitirobenzin ya lulluɓe lakar, amma shi guba ne mai ratsa fata, saboda haka tacewa za mu yi. Na yanke cewa rabin ɗalibai za su yi awon ba tare da tacewa ba da gangan, sauran rabin su tace, sannan su haɗa sakamako su nemo dalilin saɓanin da kansu, domin a nan ne za su ga sudohalaid da halaid suna takara a kan ƙarfe ɗaya. Idan aka auna buromaid ko ayodaid da wannan hanya matsalar ba ta tasowa, kuma wannan zai zama tambayar ƙarshe a takardarsu.

3 ga Nuwamba, 2025

Ban shiga ɗakin gwaji ba yau. Na gyara zanen siffofin ayon ɗin ne kawai, na nuna cewa azaid da sayanet miƙaƙƙu ne kamar CO₂, da elektiron 16 na waje kowannensu, sayanaid kuma adadin elektiron ɗinsa ɗaya ne da na N₂ da CO. Na ƙara bayanin cewa gishirin KCN a zafin ɗaki yana da tsarin jeruwar ayon irin na NaCl, saboda ayon ɗin sayanaid yana jujjuyawa a gurbinsa har ya zama kamar dunƙulallen ƙwallo.

11 ga Nuwamba, 2025

Na iso sashen tagwaye, wato sudohalojin ɗin kansu, kuma a nan na fi yin jinkiri. Sayanojin iska ce mai guba wadda ke zama ruwa a digiri 21 ƙasa da sifiri, kuma idan ta ci wuta a cikin oksijin zafin harshenta yana haura digiri 4,500. Kamanninta da kulorin ya fi fitowa a cikin ruwan alkali: Cl₂ tana rabuwa gida biyu ta ba da Cl⁻ da OCl⁻, ita kuma (CN)₂ tana ba da CN⁻ da OCN⁻, lissafin iri ɗaya sak. Tayosayanojin, (SCN)₂, Erik Söderbäck ne ya fara samar da shi a 1919 ta hanyar haɗa gishirin ƙarfe na tayosayanet da halojin a cikin wani abin narkarwa da ba ruwa ba, kuma ba ya jure ajiya, domin yakan sarƙe da kansa ya koma jan daskararren abu mai launin bulo. Ƙarfinsa na karɓe elektiron yana kusa da bolt 0.77, tsakanin aidin mai 0.54 da buromin mai 1.07, wanda ke nufin buromin zai iya korar sa daga gishirinsa, shi kuma ya kori aidin daga ayodaid.

Da farko na so ɗalibai su ga wannan korar da idonsu, har na rubuta gwajin ruwan buromin da tayosayanet. Da na zauna na bi abin da zai biyo baya sai na soke shi, domin tayosayanojin ba ya zama a ruwa, yana wargajewa ya ba da salfet da HCN tare da asid ɗin tayosayanet, buromin da ya yi saura kuma zai iya haifar da BrCN. Wannan shi ne wuri na farko da kamannin ya karye ƙarara: za a iya narkar da kulorin ko buromin a ruwa a ajiye, amma tagwayen sudohalaid suna da gaɓoɓi a cikin jikinsu da ruwa zai iya kai wa hari, abin da atom guda ba shi da shi. Sashen zai tsaya a lissafi, tare da ambaton haɗe-haɗen tsakani irin su ClCN da BrCN da ICN, waɗanda suke daidai da ICl da IBr a dangin halojin.

18 ga Nuwamba, 2025

Gwajin jan ƙarfe ya maye gurbin wanda na soke. Kowane ɗalibi ya san cewa Cu²⁺ da ayodaid suna ba da farin CuI da aidin, kuma sayanaid yana yin irin wannan, ya ba da CuCN da sayanojin. Na gwada da tayosayanet a ɗan ƙaramin adadi cikin akwatin zuƙe hayaƙi: ruwan shuɗin ya fara komawa kore, da na ƙara gishirin mai kauri sai baƙar laka ta sauka, wato Cu(SCN)₂, wadda a hankali ta riƙa yin fari-fari tana komawa CuSCN. Ga ɗalibai zan sa a zuba salfait tun farko, yadda farar lakar za ta fito kai tsaye ba tare da tayosayanojin ya samu damar tasowa ba, baƙar lakar kuwa ni zan nuna ta daga cikin akwatin.

26 ga Nuwamba, 2025

Wannan mako na ba da shi ga haɗuwa da ƙarafa, inda kamanni da bambanci suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ruwan kobalt mai launin hoda idan aka zuba masa asid ɗin HCl mai kauri yana komawa shuɗi saboda [CoCl₄]²⁻, kuma idan aka zuba masa tayosayanet da ɗan asiton yana komawa shuɗi mai haske saboda [Co(NCS)₄]²⁻, siffarsu ɗaya, ayon huɗu kewaye da kobalt. Na ajiye kwalaben biyu a gefen juna, kuma ba na jin akwai jimlar da zan rubuta ta kai wannan gani tasiri.

Sai dai rubutun da ke cikin bakan ya tona wani abu da kuloraid ba zai taɓa yi ba. Na rubuta NCS, ban rubuta SCN ba, domin tayosayanet baki biyu gare shi, yana iya kama ƙarfe ta wajen naitirojin ko ta wajen salfa. Ƙarafa irin su Fe³⁺ da Cr³⁺ da Co²⁺ sukan zaɓi naitirojin, zaiba da filatinom da faladiyom kuwa sukan zaɓi salfa, kuma ra'ayin Ralph Pearson na 1963 kan asid masu tauri da masu taushi yana bayyana wannan zaɓi da kyau. Haka kuma bakin biyu yana ba shi damar zama gada tsakanin ƙarafa biyu. Sayanaid ya fi shi nisa da halaid ma, domin yayin da halaid suke can ƙasan jerin ƙarfin raba matakan elektiron na ƙarfe, sayanaid yana can sama, yana ba ƙarfe elektiron yana kuma karɓar wasu daga gare shi, shi ya sa [Fe(CN)₆]⁴⁻ ba shi da elektiron ko ɗaya marar abokin zama. Wannan riƙo mai ƙarfi ne ya sa sayanaid yake narkar da zinariya a gaban oksijin ya ba da [Au(CN)₂]⁻, hanyar da MacArthur da ƴan'uwan nan Forrest suka yi wa rajista a 1887.

Na kuma sake duba jan launin FeSCN²⁺ a natse, wanda ke shan haske a kusa da nanomita 450. Ɗigo biyu na tayosayanet a cikin ruwan ƙarfe mai ɗan rawaya sun isa su mai da shi ja wur kamar jini, ɗan fuloraid ya wanke jan gaba ɗaya saboda ya fi shi riƙon Fe³⁺, azurfa ma ta kawar da shi amma ta wata hanyar, ta janye tayosayanet ɗin zuwa laka. Zan tambayi ɗalibai su bambanta waɗannan hanyoyi biyu.

3 ga Disamba, 2025

Teburin asid ya ba ni wahala wajen tsarawa, saboda ya ƙi bin labarin da nake bayarwa. HCl da HBr da HI asid ne masu ƙarfi, asid ɗin tayosayanet ma yana da ƙarfi, amma HN₃ yana da pKa (adadin da ke ƙaruwa gwargwadon raunin asid) kusa da 4.7, na sayanet kusa da 3.7, HCN kuwa ya kai 9.2. Ta wannan fuska sun fi kama da HF mai 3.2, alhali ta fuskar azurfa sun saɓa wa fuloraid, tunda AgF yana narkewa a ruwa sosai. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in cire teburin don kada ya rikita ɗalibai. Ban karɓi shawarar ba, domin idan ɗalibi ya fita da tunanin cewa kowane sudohalaid yana da halaid guda da yake kwaikwayo ta kowace fuska, to na koya masa abin da ba gaskiya ba ne, kuma ranar da ya zuba asid a kan gishirin sayanaid da tunanin kuloraid a kansa, rayuwarsa ce a kan layi.

10 ga Disamba, 2025

Dole na gyara wata jimla da na ɗauko daga tsohon rubutuna, inda na ce azaid ba shi da tagwaye. A tsakiyar wannan shekara ta 2025 ƙungiyar Peter Schreiner a jami'ar Giessen ta Jamus ta ba da rahoton samar da N₆ ta hanyar ratsa kulorin ko buromin a kan azaid na azurfa, suka kama shi cikin daskararren agon a sanyin da ya kusa digiri 10 na ma'aunin Kelbin. Abin ya faranta mini rai ƙwarai, domin hanyar da suka bi ita ce ainihin hanyar Söderbäck, gishirin ƙarfe da halojin, bayan shekaru fiye da 100. Jimlar yanzu tana cewa tagwayen azaid suna samuwa a tsananin sanyi kawai, kuma na haɗa ta da bayanin yadda NaN₃ yake wargajewa ya ba da sodiyom da iskar naitirojin, hanyar da a da aka daɗe ana amfani da ita wajen hura jakar kariya ta mota.

Na ƙara sakin layi guda kan jikin ɗan Adam, inda kamannin ya fito ta hanyar da ba a zata ba. Tayosayanet yana nan a cikin miyau, hanta kuma tana mai da ɗan sayanaid ɗin da ya shiga jiki zuwa tayosayanet ta hanyar sinadarin rodanis, sannan ƙofar da ke shigar da ayodaid cikin ƙwayoyin tairod da ke maƙoshi tana ruɗewa da tayosayanet, har idan ya yi yawa ya rage shigar ayodaid ɗin.

17 ga Disamba, 2025

An kammala rubutun farko na babin, gwaje-gwaje huɗu kuma sun tsaya: lakar azurfa, awon Volhard mai kashi biyu, jan ƙarfe da salfait, sai launukan kobalt da baƙin ƙarfe. Abin da ya rage shi ne takardar zubar da shara, wadda za ta ware kwalbar azurfa daban, ta kobalt daban, ta kuma hana haɗa ragowar tayosayanet da asid mai zafi ko ruwan bilic. Ina kuma son in sake yin awon Volhard sau uku a jere da buret ɗin da ɗalibai za su riƙe, in auna tsawon lokacin da jan yake ɗauka kafin ya dusashe a kwalbar da ba a tace ba, domin in san ko zama ɗaya zai ishe su ko sai an raba gwajin gida biyu a watan Janairu.